Uzairu Masinja da Tallar Maganin Basir

In ka shigo Dangora ka ce a nuna maka gidan Uzairu, za a tambaye ka wane Uzairun. In ka ce Masinja, ko akuya sai ta raka ka. Ya taɓa yin aikin masinja a wani ofis a Kano, bai ma daɗe ba aka rage ma'aikata aka haɗa da shi. Amma tun da ya dawo gida, ba a ƙara yin wata hira a garin nan an tashi bai ce "mu da muka yi aikin ofis" ba. Kullum aljihun gabansa cike yake da biro, rabinsu ba sa rubutu.

Surukinsa shi ne Malam Alkasim, malamin da ke ba manya karatu a zaurensa. Malam yana da wata fadama a bakin rafi, irin wadda ko sandar kiwo ka kafa sai ta yi ganye. Gwiwa ta hana shi noman rani, don haka ya ce bana zai ba ɗaya daga cikin surukansa biyu aronta. Ko Uzairu mijin Hasiya, ko Surajo mijin Fa'iza, wani bawan Allah da sai ka yi masa tambaya sau biyu kafin ya amsa ɗaya. Uzairu kuwa har ya gama shuka albasa a fadamar nan a cikin ransa, ya cire, ya kai kasuwa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, su biyun suka je gaida Malam. Aka kawo tuwo, kowa ya sunkuyar da kai yana ci a hankali irin na gaban suruki. Rediyon Malam tana gefe, ana jiran labarai. Goggo Luba, ƙanwar Malam, ta shigo da ƙwaryar fura ke nan, sai wani ƙato ya kwarara ihu daga cikin rediyo:

"Kai mai zama da gefe ɗaya! Kai da kake shiga banɗaki da asuba ba ka fitowa sai hantsi! Kai mai sosa mazaunai da gefen benci kana yi kamar gyara zama kake! Asirinka ya tonu! Nemi Zauna-Daram na Dakta Zayyad! Zauna-Daram, zauna daram!"

Abin da ya biyo baya ba zan iya maimaita shi ba, don ni ma ina da surukai.

Lomar Surajo ta tsaya a hanya. Goggo Luba ta dire ƙwarya ta juya da gudu tana salati. Malam ya kai hannu zai kashe, ya murɗa ta inda ba nan ba, ƙara ta ƙaru har maƙwabta suka samu rabonsu.

Da abin ya lafa, Malam ya share gumi ya ce, "Kullum sai mutumin nan ya shigo mini gida ya ci mutuncina. Wallahi duk wanda ya raba kunnena da shi a cikinku, fadamar nan tasa ce bana."

Surajo ya ce a hankali, "Allah gafarta Malam, ko a riƙa kashe rediyon?"

"In rasa labarai? In rasa sanarwar rasuwa?"

Uzairu ya suɗe hannu ya taɓa aljihun biro. "Baba Malam, wannan ba aikin kashe rediyo ba ne. Aikin takarda ne. Mu da muka yi aikin ofis mun san inda ake taɓawa. Takardar koke ɗaya zan rubuta, ba tallar kaɗai ba, shi kansa mai maganin sai ya zo nan ya durƙusa."

Washegari da safe ya kafa ofis a teburin Mujitaba mai shayi. Ya ture kofuna, ya shimfiɗa farar takarda, ya ce kowa ya matso ya ga yadda ake yi, don ba kullum ake samun irin wannan karatu kyauta ba.

"Takardar koke ba wasiƙar budurwa ba ce. Adireshinka a sama ta hannun dama, kwanan wata a ƙarƙashi. Sai ka gangaro hagu ka sa wanda za a kai wa, Shugaban Gidan Rediyo. Sai kan magana a tsakiya, ka ja masa layi. Layin nan shi ne ke tsorata manya."

Nasiru mai faci ya leƙo ya ce, "To ai layin naka ya karkace."

"Na gwamnati ma haka yake. Sannan ka faɗi abin da aka yi maka, da lokacin da aka yi, da abin da kake so a yi. Ba zagi. In ka yi zagi kwandon shara za ta."

"Kai da ka san hanyar kwandon, ai kai kake kwashewa."

"Nasiru, kai dai tsaya a iskar taya. Abu na ƙarshe kuma, hujja. Dole ka rubuta ainihin maganar da aka faɗa, kalma da kalma, don kar su ce ƙage ne."

To, a nan aikin ya fara cin mai shi. Mai tallar nan bakinsa kamar injin niƙa yake, kafin Uzairu ya rubuta "Kai mai zama" har an kai ga "zauna daram". Sai ya ɗauki tallar a wayarsa. Ya kunna, ya rubuta kalma biyu, ya mayar baya, ya sake kunnawa. A teburin shayi haka, a gindin darbejiya haka, a tsakar gidansa haka. Tallar da a da ake ji sau ɗaya a wuni, yanzu duk inda Uzairu ya zauna tana nan. Kafin mako ya zagayo yaran unguwa sun haddace ta tas, har da tafi. Dattijo bai isa ya gyara zama a kan benci, sai ka ji ƙananan muryoyi daga bayan katanga: "Asirinka ya tonu!"

Hasiya ta same shi ta ce, "Baban Ikram, wai kai hana tallar nan kake yi ko koyar da ita? Yarinyar nan jiya da ita ta yi wa 'yar tsanarta reno."

"Ke ba ki san hujja ba."

"Na san dai tuwo ya daina shiga mini in kana gida."

Ranar sunan ɗan Mujitaba kuwa, an taru da safe, liman ya ɗaga hannu zai yi addu'a, wuri ya yi tsit. Uzairu ya zo a makare, ya kutsa ya zauna a kan wayarsa. Sai ga shi daga ƙarƙashin babbar riga: "Kai mai zama da gefe ɗaya!" Ya yi ta lalube, aljihun ya shige cikin ninkin riga, ya karkata gefe ɗaya yana nema, mutane suna kallonsa a karkace ɗin nan. Liman dai ya shafa fatiha a gurguje, kafaɗunsa na rawa.

Duk wannan bai sa ya yi sanyi ba. Ya ce saura abu guda, sa hannun jama'a. Koke na mutum ɗaya ƙorafi ne, amma in sunaye suka yi yawa ya zama murya. Ya ɗauki takarda ya shiga gida gida.

Abin da ya manta shi ne, mu a nan in aka ce takarda za ta gidan rediyo, abu ɗaya muka sani: gaisuwa. Tun muna yara haka muka taso muna ji, wane yana gaida wane, a sa musu waƙa.

Goggo Luba ya fara samu tana tankaɗe.

"Goggo, sunanki zan sa a takardar rediyo."

"Kai madalla, ɗan nan! To ka ce ina gaida 'yata Halima da ke aure a Burumburum, da mijinta, da yaran. Ka ce mata kuma ta aiko mini da robata da ta tafi da ita."

"Goggo, ba irin wannan takardar ba ce. Koke ne."

"To ai ni ma koken nake yi, robata ce sabuwa. In ba za ka sa ba cire sunana."

Uzairu ya duba takarda, ba suna ko ɗaya. Ya sa.

Da labari ya bazu cewa Masinja yana karɓar gaisuwa kyauta, ba shi ya ƙara bin gidaje ba, gidansa aka riƙa bi. Mujitaba yana gaida masu shan shayinsa, ban da masu cewa a rubuta. Nasiru yana gaida duk direbobin hanyar Tudun Wada. Wani makiyayi ya taho takanas daga wajen Ɗansoshiya, ya ce a sanar da tunkiyarsa mai baƙin kunne da ta ɓata. Ana ta "ranka ya daɗe, Sakatare", ana kawo masa gyaɗa da rake. Uzairu ya ji daɗin sakataren nan har cikin ƙashinsa, ya aro kujera mai hannu ya sa a ƙofar gida.

Nasiru ya ce, "Mutumina, ka ce ba wasiƙar budurwa ba ce. Wannan ai ta fi ta budurwa gaisuwa."

"Dabara ce. In shugaba ya ga yawan mutanen, jikinsa zai yi sanyi."

Sunan Malam Alkasim ya sa a farko, da manyan baƙaƙe, don girmamawa. Bai ma tambaye shi ba. Koken kansa bai cika rabin shafi ba. Tallar da ya kwafe ta ci shafi guda. Gaisuwa kuwa sai da aka nemo allura da zare aka ɗinke ta.

Ranar tafiya ya sa babbar rigar aurensa, ya kafa hula, ya shiga motar Kano, takarda a cikin ambulan ruwan ƙasa ya rungume ta a ƙirji. A gidan rediyon ya tarar da wata yarinya a teburin karɓar baƙi.

Ta ce, "Sannu da zuwa, Baba. Koke ne? Kawo in buga maka hatimi a kwafinka, in sa a akwatin can. Ana buɗewa duk mako."

Uzairu ya yi dariyar manya. "'Yata, ni za ki nuna wa akwati? Ni na san abin da ake yi da akwati. Takarda irin wannan hannu da hannu ake ba mai gida."

"Shugaba yana taro."

"Kullum suna taro. Zan jira."

Ya fita ya tsaya a inuwar wata bishiya yana nazarin masu shigowa. A iliminsa na masinja, mai gida ba ya ɓuya: mota, tumbi, da yadda mai gadi ke rawar jiki. Wani siririn mutum ya fito da 'yar jaka ya wuce ta gabansa har ya yi masa sallama, Uzairu ya amsa da hanci. Bayan ya wuce ne ya ji yarinyar tana cewa, "A sauka lafiya, ranka ya daɗe." Bai kawo komai a ransa ba.

Can sai ga wata baƙar mota mai sheƙi. Mai gadi ya buɗe ƙofa har yana tuntuɓe. Wani ƙaton mutum ya fito, shadda na ƙara, zobe a kowane yatsa, ma'aikata na ta "Barka da zuwa, Dakta." Uzairu ya ce a ransa, shugaban ma dakta ne, lallai an zo wurin. Ya sha gabansa ya zube.

"Ranka ya daɗe, saƙo ne daga jama'ar Dangora. Hannu da hannu."

Mutumin ya buɗe a tsaye. Ya karanta shafin farko ya ɗaga gira. Ya juya na biyu, sai murmushi. Da ya kai ga gaisuwa, tumbinsa ya fara motsi.

"Duk waɗannan suna jin tallar?"

"Kullum, ranka ya daɗe. Yara ma sun haddace."

"Haba dai!"

"Wallahi. Ni kaina bari ka ji irin munin abin." Uzairu ya gyara tsayuwa, ya rera ta daga farko har ƙarshe a tsakiyar harabar, bai ci ko kalma ɗaya ba. Ma'aikata suka leƙo ta taga.

Mutumin ya share hawayen dariya ya dafa kafaɗarsa. "Malam Uzairu, ban taɓa samun takarda irin wannan ba. Ku kama rediyo ranar Laraba bayan la'asar, za ku ji amsa." Ya sa direba ya ɗauko wani kwali a ɗaure da igiya. "Wannan kuma a kai wa Malam Alkasim, a ce ina gaisuwa."

Da Uzairu ya dawo, tun daga bakin titi ya ɗora kwalin a ka don kowa ya gani. Ya ce shugaba da kansa ya karɓa, har ya yi hawaye, ga kuma kayan ban haƙuri. Ba za a buɗe ba sai ranar Laraba a gaban jama'a.

Nasiru ya ce, "Yaya shugaban yake?"

"Ƙato. Muryarsa ma kamar na santa."

"A ina?"

"Manya ai duk muryarsu ɗaya ce."

Ranar Laraba Uzairu ya aro lasifikar da ake kiɗan biki da ita, ya kafa a ƙofar gidan Malam, ya jona da rediyo. Aka jera benci. Mata suka cika soro da bakin katanga. Makiyayin nan ma ya zo jin labarin tunkiyarsa. Aka fito da Malam aka zaunar a kan buzu, kwali a gabansa. Surajo ya rakuɓe can baya. Uzairu yana ta kai da kawo yana cewa a yi shiru, yau za a ga aikin biro.

Aka buɗe fili da kiɗa. Mai gabatarwa ya ce, "Jama'a, ga filinku na gaishe-gaishe, wanda Dakta Zayyad mai Zauna-Daram yake ɗaukar nauyi. Yau kuma Dakta da kansa yana tare da mu."

Sai ga muryar mai shadda, ta cika unguwa.

"Assalamu alaikum! Yau filin nan kacokan na mutanen Dangora ne. Sun aiko mini da wakili musamman, da takarda har da ɗinki. Sun rubuto tallata kalma da kalma, ko ni ban iya ta haka ba. Sun ce tana hana su cin tuwo, to ai dama mai wannan lalura ba ya jin daɗin tuwo. Bari mu fara da na farko a layi, an rubuta shi da manyan baƙaƙe: Malam Alkasim! Malam, Allah ya ba da lafiya, saƙonka yana cikin kwali. Safe da yamma, bayan an ci abinci."

Malam ya juya a hankali ya dubi kwalin, ya dubi Uzairu.

Uzairu ya yi tsalle zai kashe. Goggo Luba ta daka masa tsawa daga soro: "Kai, kar ka taɓa! Ba a zo kan tawa ba!"

"A bari! A bari!" in ji jama'a. Kowa yana jiran sunansa. Nasiru da Mujitaba suka riƙe masa hannun riga, ɗaya dama ɗaya hagu.

Haka Dakta ya bi sunayen nan ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba. Ya gaida Halima a Burumburum, ya ce ta mayar da roba. Goggo Luba ta rangaɗa guɗa. Ya gaida direbobin Tudun Wada, ya ce su ne ma suka fi buƙata saboda dogon zama. Ya yi cigiyar tunkiya mai baƙin kunne. Duk bayan suna biyar sai a saki tallar, lasifika na kai ta har bakin kasuwa, yara na amsawa da tafi. Wanda aka kira sunansa sai ya yi murna, sannan ya tuna a layin da aka sa shi, ya gyara zama a hankali kar a ce da gefe ɗaya yake.

A ƙarshe Dakta ya ce, "Saboda wannan ƙauna, ranar kasuwa mai zuwa motata tana Dangora da lasifika huɗu. Wanda kuma ba zai iya jira ba, ya nemi Malam Uzairu Masinja. Shi ya san komai a kan maganin nan, a gabana ya karanta shi da ka."

Aka rufe fili. Goggo Luba ta fito ta tsinke igiyar kwali da haƙori. Kwalabe ne a jere, kowace da hoton mai shadda yana murmushi a kan kujera.

Uzairu ya durƙusa. "Baba Malam, kuskuren ofis ne. Irin wannan yana faruwa, takarda ta shiga hannun da ba..."

"Uzairu."

"Na'am, Allah gafarta Malam."

"Da, a cikin rediyo kaɗai nake jin mutumin nan, shi kuma bai san da ni ba. Yanzu ya san sunana. Ya san garinmu. Har ya san lokacin da nake cin abinci." Malam ya ɗaga murya. "Surajo!"

"Na'am."

"Gobe ka kai fartanyarka fadama."

Surajo ya buɗe baki zai yi godiya, aka jira, aka jira, bai samu kalmar ba, ya koma ya zauna.

Malam ya tura kwalin da ƙafa zuwa gaban Uzairu. "Wannan kuma kai aka ce ka san komai a kansa. Ɗauke mini shi daga ƙofar gida."

Uzairu bai gama ɗauka ba sai ga wani baƙo a kan babur, ya tsaya a bakin taron, bai zauna sosai a kan sirdin ba. Ya rage murya, amma kowa ya ji: "Don Allah, wane ne Malam Uzairu?"

Yatsu suka tashi gaba ɗaya.

Uzairu ya miƙe, kwali a hannu, hula ta karkace. Ya dubi jama'a ya ce, "Ba a gama ba. Wallahi ba a gama ba! Gobe zan rubuta wata takardar, koke a kan abin da aka yi wa ta farko. Wannan karon har hukumar da ke sama da su sai ta ji!"

Goggo Luba ta gyara mayafi ta matso kusa da shi.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Tunda saƙonka yana isa, a wannan ka sa mini ƙanwata ta Doguwa."